Hutun Iyali Daga Magarya: Tsakanin Gidan Kaka da Jirgin Teku

Wanda ya tashi daga Magarya yana neman bakin teku sai ya ci fiye da kilomita 1,000 kafin ya gan shi, ko ta Legas ya bi ko ta Kwatano. Daga Dungas ma haka abin yake. Ruwan da yaran wannan yanki suka sani shi ne na rijiya, da na korama, da tabkunan da damina ke cikawa rani ya shanye. Sai dai wayar hannu ta kawo teku har tsakar gida. A bidiyoyin da matasa ke tura wa juna ta WhatsApp da TikTok ana ganin jiragen ruwa masu hawa kan hawa, da wuraren iyo a bisa rufi, yara na sulalowa ta bututun ruwa, iyayensu na kishingiɗe a inuwa. A gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai ɗan hali, tambayar da ke biyo baya ita ce: "Baba, mu yaushe za mu tafi hutu?"

Tambayar ba ta dariya ba ce. Mutanen gundumomin nan biyu na kudancin jihar Damagaram ba baƙin hanya ba ne. A ƙidayar 2012 Magarya na da mutum sama da 570,000, Dungas kuwa, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011, tana da sama da 350,000, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da ɗan'uwa a Daura, Ɓaɓura, Gumel ko Kano. Ana tafiya kullum. Abin da ba a saba ba shi ne uba da uwa da ƴaƴa su ɗauki hanya tare, babu biki, babu rasuwa, babu fatauci, don kawai su huta.

Yadda hutu yake a nan

Makarantun boko na Nijar suna tashi babban hutu wajen ƙarshen Yuni, a koma a Oktoba. Watannin nan su ne damina cif. Yaron Bande ko Waca ko Dogo-Dogo, hutunsa a gona yake ƙarewa: noman fari, maimai, kiwon awaki nesa da shuka, kai wa manya fura da hantsi. Wanda ke tafiyar hutu shi ne ɗan birni, kuma ƙauye yake nufa. Ma'aikacin da aiki ya kai Damagaram ko Yamai yakan tattara yara ya ce a kai su gida su san dangi, tunda zumunci a ƙafa yake. A danƙa su hannun direba ko wani ɗan gari da ke komawa, a cusa wa babban cikinsu kuɗin hanya a aljihu, a haɗa su da tsarabar sukari da ganyen shayi da sabulu. Bayan wata biyu su dawo sun yi baƙi, sun koyi hawan jaki, da ƙullin gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wani lokaci har da zabuwa ɗaure a kwali.

Shi uban yana bakin aikinsa. Uwar kuwa ba ta cika bin su ba sai in akwai suna ko aure da za ta halarta.

Abin da jirgin ke sayarwa

Jirgin shaƙatawa masauki ne mai tafiya a kan ruwa. Yakan tashi daga tasha irin ta Miami a Amurka ko Barsalona a Sifaniya, ya yi kwana uku zuwa bakwai yana zagaye, gari ya waye masa a wata tashar, fasinja su sauka su yi yawo, da yamma su dawo, a ƙarshe ya sauke su inda ya ɗauko su. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2023. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finlan ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000.

Ba girman ne ke sa iyaye su kwance bakin jaka ba. Tsarin da aka yi wa yara ne. Ana raba su rukuni-rukuni bisa shekaru, kowane rukuni da ɗakinsa da masu kula da shi, a rubuta sunan wanda ya kawo yaro da wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. Ƴan shekara 13 zuwa 17 suna da nasu zauren da iyaye ba sa zama a ciki, da dokar da ta hana su yawo in dare ya yi nisa. Abinci na cikin kuɗin tikiti, kuma kusan kowane lokaci akwai inda za a ci. Kaya sau ɗaya ake kwancewa. Yaro kuma duk yawonsa ba zai wuce jirgin ba.

In aka ajiye ƙyale-ƙyalen a gefe, abin da ya rage shi ne wuri mai iyaka, da idanu masu yawa a kan yaro, da tukunyar da ba ta yankewa, da sa'o'in wasa ga kowane ɗa. Wannan ai gidan kaka ne. Baturen da ke zaune a bene shi da matarsa da ƴaƴa biyu, babu gwaggo kusa, babu kawu, babu ƴaƴan maƙwabta da za a sake wa yaro, shi ne ke biyan dubban daloli don ya sami mako ɗaya na abin da babban gida a Dancawo ko Malawa ke bayarwa ba ko dala.

Amma a faɗi gaskiya, jirgin ya fi mu da abu biyu. Na ɗaya, a can uwa tana hutawa. A nan, matar da ta raka yara gidan surukai ta ƙaro wa kanta aiki ne: daka, ɗiban ruwa, girkin mutum ashirin, ga kunyar da ba za ta bar ta ta miƙe ƙafa da rana ba. Ɗiyarta mai shekara goma sha huɗu ma haka za ta yini tana reno da wanke-wanke, yayyenta maza suna bakin tabki. Na biyu, a can uba yana nan. Yara da yawa a garuruwanmu sun san ubansu a matsayin mai ba da kuɗin cefane da mai tsawatawa, ba su taɓa zama kusa da shi a mota na awa uku suna tambayarsa sunayen garuruwan da ake wucewa ba. Wannan ba sai da teku ake samunsa ba.

Ba yau Bahaushe ya fara hawa teku da iyalinsa ba

Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, mai niyyar Makka daga ƙasar Damagaram gabas yake fuskanta, kuma sau da yawa da matarsa da ƴaƴansa yake tashi, don ya san tafiyar ba ta wata ɗaya ba ce. A ƙafa, a kan jaki, daga baya a bayan manyan motoci, a bi ta Barno ko a zagaye tabkin Cadi, a wuce Fort-Lamy wadda ake kira Njamena a yau, a shiga Abeshe, a tsallaka Darfur, a kai El Obeid inda ake samun jirgin ƙasa. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a yada zango a nemi aiki. Gonakin audugar Jazira, waɗanda suka bunƙasa bayan gina madatsar ruwan Sennar a 1925, sun ci gumin Hausawa ba kaɗan ba. Yaron da aka fita da shi a goye yakan isa bakin Bahar Maliya yana gudu da ƙafarsa, wani kuma a hanya aka haife shi. Da yawa ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan da ke ƙirga asalinsu daga irin waɗannan tafiye-tafiye.

A Sawakin ake tsare mahajjata a yi musu allura, a killace su na wasu kwanaki, sannan a loda su a jirgin ruwa zuwa Jidda. Marasa takardu kuma sukan yi kasada da ƙananan jiragen filafilai cikin dare. Ga tsoffin alhazan da suka bi wannan hanya, teku ba wurin wasa ba ne. Ƙofar ƙarshe ce kafin Ka'aba, ana tsallake ta da salati.

Daga wannan tashar ta Jidda ne, a Disamban 2024, Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin shaƙatawa mai suna AROYA, wanda ke ɗaukar fasinja sama da 3,000. An tsara shi don iyalan Musulmi: abincin halal, wuraren salla, babu giya, babu caca. Ya fara da zagayen Bahar Maliya, yana tsayawa a wurare irin su Sharm el-Sheikh ta Masar da Aƙaba ta Jodan. Ga attajirin Magarya da ya saba zuwa Umra da iyalinsa, wannan shi ne mafi kusa, domin filin jirgin saman Malam Aminu Kano bai kai kilomita 200 daga gida ba, alhali Yamai ta haura 900. Akwai kuma jiragen kogin Nilu da ke kwana uku ko huɗu tsakanin Luksor da Aswan, da na kamfanin MSC da ke tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik.

Mai sha'awa ya san ƙa'idojin tun kafin ya yi wa yara alkawari. Galibin kamfanonin ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24. Kowane yaro da fasfonsa, kuma ƙasashen da za a tsaya kowace da sharaɗinta na biza. Ɗakunan jirgi an gina su ne da lissafin ƙaramin iyali, mafi yawansu ba sa wuce mutum huɗu, saboda haka mai mata biyu da ƴaƴa takwas sai ya kama ɗaki uku ko huɗu. Kuɗin da aka gani a talla kuma ba shi ke nan ba. Manyan kamfanonin Amurka suna ɗora ladan ma'aikata kusan dalar Amurka 16 zuwa 20 a kan kowane kai a kowace rana, har da na yara. Intanet da kuɗinta daban, abin da zai fi damun matasa ke nan. Yawon da ake kai mutane in an sauka ma daban. Wanda ya makara a gari, jirgi ba ya jiransa. Ga jiri da amai ga wanda bai saba da ruwa ba, ga saurin yaɗuwar cuta inda dubbai ke cin abinci wuri ɗaya: a farkon 2020 mutum sama da 700 suka kamu da korona a jirgin Diamond Princess da aka tsare a Yokohama ta Japan.

Ruwan da ke kusa

A yankin Sahel, abin da ya fi kama da wannan tafiya shi ne jiragen kamfanin COMANAV na Mali, masu bin kogin Kwara daga Kulikoro ta Mopti da Tumbuktu zuwa Gawo lokacin da ruwa ya cika. Rashin tsaro ya lalata wannan hanya. A ranar 7 ga Satumban 2023 aka kai wa jirgi mai suna Tombouctou hari, fararen hula da dama suka mutu. A Yamai har yanzu ana hayar kwalekwale a zagaya kogi da maraice, a hango gadar Kennedy daga ƙasa, mai sa'a ya ga dorina. Iyalin da suka jure doguwar hanya a motocin Rimbo ko STM sukan haɗa da gidan tarihi na Boubou Hama, inda ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da zakunan da ke keji suke hana yara barci don murna. Kusa da gida akwai tabkin Gidimuni a gabas da Damagaram, da na Madarumfa a jihar Maraɗi inda mutane ke zuwa ziyarar kaburburan waliyyai, da madatsar Tiga a jihar Kano.

A nan ne maganar ta fi nauyi. Abin da ya kamata mu ɗauko daga manyan jiragen ba wurin iyo ba ne, ƙidayar kawuna ce. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka mutu, kuma ɗaruruwan fasinjan da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru in hatsari ya auku ba. Bayan haka aka gyara dokar teku ta duniya: tun daga 2015 wajibi ne a yi wannan atisaye kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi. Kowane fasinja, babba da yaro, yana da rigar ceto daidai jikinsa da wurin taruwa da aka rubuta masa.

Mu kuwa namu darussan sun fi ɗaci. Jirgin Le Joola na Senegal ya kife ranar 26 ga Satumban 2002 a hanyarsa daga Ziganshor zuwa Dakar, ɗauke da ninkin-ba-ninkin adadin da aka gina shi dominsa. Mutum 1,863 hukuma ta ƙirga sun mutu, kuma da yawansu ɗalibai ne masu komawa makaranta bayan hutu. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya nutse a madatsar Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, ya ci ran mutum sama da 20, akasarinsu ƴan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Lodi ya yi yawa, babu rigunan ceto. Uban da zai sa ƴaƴansa a kwalekwale a Madarumfa ko Tiga ko Yamai yana da ikon tambayar mai jirgi mutum nawa yake ɗauka, ina rigunan, kuma yana da ikon cewa a sauke masa yaransa. Kunyar yin wannan tambaya ce ke kashe mu, da saurin cewa ai komai rubutacce ne.

Ko ba kwalekwale, ruwan damina na da nasa haɗari ga baƙon yaro. Ɗan ƙauye ya san inda tabki ke da zurfi da inda aka ɗebi ƙasar gini aka bar rami. Ɗan birnin da ya zo hutu bai sani ba, kuma ba zai yarda a ce ya ji tsoro ba. Tsargiya ma a irin wannan ruwan ake kwasarta. Agusta da Satumba kuma su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, lokacin da sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki, ke cika maƙil. Ana raba wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a damina. Mai tura ƙaramin yaro hutu ya tabbatar an san wanda zai ba shi nasa a can, a kuma sa masa gidan sauro cikin kaya kafin a sa sabbin tufafi.

Samari, ƴanmata da kan iyaka

Ƙananan yara ba su da wuyar sha'ani a tafiya. A ba su abin taunawa, a zaunar da su kusa da taga. Rigimar ta matasa ce. Saurayin da ya gama jarrabawar BEPC ba ya son a riƙe masa hannu. Shi burinsa a bar shi ya tsallaka Maigatari ranar Alhamis ya ga kasuwar dabbobi, ko ya tafi Kano wajen kawunsa ya taɓa ƴar sana'a ya sayi waya. Wani hutun daga nan yake zama cirani, Oktoba ta zo kujerarsa a aji babu kowa. Dabarar masu jirgi a nan abar dubawa ce: ba sa ɗaure matashi a gindin iyaye, ba sa kuma sake shi gaba ɗaya. Ana sanin inda yake, ana sa masa lokacin dawowa. A tafiyarmu ta mota, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora masa nauyi: shi zai riƙe takardu, shi zai yi ciniki da ɗan kamasho a tasha, shi zai ƙirga ƙannensa duk inda aka tsaya. Ƴar budurwa ma a ba ta irin wannan, kada rabonta ya tsaya ga goyon auta.

Takardu kuwa yanzu ba abin wasa ba ne. Iyakar da mutane suka saba tsallakawa ta Tinkim zuwa Babban Mutum ko ta wajen Maigatari ta sha rufewa: Najeriya ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasar da barin su zirga-zirga har sai an sake shawara. Jami'an tsaro kuma suna sa ido sosai a kan mace mai tafiya da tarin yara, tun bayan Oktoban 2013 da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara daga kudancin Damagaram. Takardar haihuwar kowane yaro, da katin allurar shawara, da rubutaccen izinin uba in ba ya cikin tafiyar, suna rage tsayuwa a shinge.

Wanda ya shirya wannan, wuraren zuwa ba su da nisa. Damagaram na kusan kilomita 90 daga Magarya, a je a dawo a yini: fadar Sarkin Damagaram, lungunan Birni, gidajen Zango masu zane a bango, a garin da ya riƙe hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926. A yamma akwai Daura da rijiyar Kusugu, wadda kowane ɗan makaranta ya ji labarinta amma kaɗan ne suka leƙa ta. A kudu kuma ga Kano: dutsen Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, gidan namun daji na Audu Baƙo, ga hawan salla wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun gargajiya na duniya a Disamban 2024.

Lokacin ne ya kamata a sake dubawa. Babban hutu yana faɗowa daidai sa'ar da rumbu ya yi ƙasa, hanyoyin ƙauye suka cika da taɓo, gona ke neman kowane hannu. Ɗan gajeren hutun ƙarshen Disamba ya fi dacewa da tafiyar iyali a wannan yanki: an gama girbi, an sayar da gyaɗa da wake da riɗi, sauro ya ragu, hanya ta bushe, rake ya fito daga fadamun korama. A ƴan shekarun nan kuma a wannan lokacin ake yin kokowar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 take kuma zagaya jihohi, kuma shekarar da ta faɗo Damagaram motocin Magarya da Dungas tun da asuba suke cika.